Ba Mantuwa Ke Damun Baba Ba

Sabo, Ibadan.

Zuwa ga Yaya Mu'inuddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Zulaihat da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali a can Jidda. Mu nan mun gode Allah. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, sai dai gajiya da ta zame mana abokiyar zama.

Maganar Baba ce ta sa na rubuto. Na san har yanzu kana jin zafin abin da ya faɗa wa matarka a waya, kuma ka ce wanda bai manta sunan kowa ba ai lafiyarsa ƙalau. Ni ma haka na ɗauka, domin mun ga ciwon Kaka. Ita hanyar gida take ɓace mata, tana kirana da sunan Inna, amma kunyarta da tausayinta suna nan har ta rasu. Baba kuwa shi kaɗai yake zuwa kasuwar Bodija ya dawo. Amma ranar zaman makokin amininsa Malam Hanzala, tuntsirewa ya yi da dariya, ya ɗauke ƙosai daga kwanon baƙo. Sukari sai mun ɓoye, in ba haka ba sai ya shanye shi. Ranar da Inna ta faɗi a tsakar gida, tsallake ta ya yi ya wuce.

Makon jiya na kai shi wajen likitar ƙwaƙwalwa. Ta daɗe tana tambayata halinsa na da, aka kuma ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Ta ce lalacewar ƙwaƙwalwa iri-iri ce. Irin ta Kaka da mantuwa take farawa. Ta Baba gaban ƙwaƙwalwa da gefenta take ci, inda kunya da tausayi da kame baki suke, kuma takan kama mutum tun bai kai sittin ba. Ta ce ba a warkewa, maganin mantuwa ma ba zai amfane shi ba, kuma nan gaba magana kanta tana iya gagararsa.

Da muka fito, Keke Napep uku suka wuce ban iya ɗaga hannu ba. Ashe shekara biyu ina fushi da mara lafiya.

Yaya, ka kira shi tun yana iya magana. In ya zage ka, ka bari ya gama, kada ka kashe wayar.

Inna tana gaishe ku. A gaida Anti, a shafa mini kan Abdulrahim da ƙannensa. A sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Barakatu.