Sallahu a tashar Gimi

Laraba da dare, ƙarshen kaka.

Yau na je tsohuwar tashar jirgi ta Gimi, ƙafafuna har yanzu zugi suke. Tun zamanin Turawa take, a nan na yi tallan rake. Yanzu ba rufi, awaki ne a ɗakin tikiti.

A nan ɗana ya hau jirgin Ikko, bai dawo ba. Da muka koma Makarfi, duk kaka maigidana Malam sai ya je ya bar sallahu: in yaron ya sauka, ga inda muke. Malam ya rasu, abin ya dawo kaina.

Wani na tarar yana shanya barkono. Ya ce, "Iya, ai jirgi ya daina tsayawa nan." Na ce na sani, ni ba makauniya ba ce. Na ba shi sallahun. Ya ce to, me sunan yaron?

Ɗan fari ne, tun da na haife shi ban taɓa kama sunansa ba. Amma ba sauran mai faɗar sunan a madadina.

Na ce Habibu. Ya ce to, ya ci gaba da baza barkononsa. Ko kai bai ɗago ba.