Ledar da Ban Ɓare Ba

Litinin, 6 ga Mayu

Duk wanda littafin nan ya faɗa hannunsa ya yi mini gafara. Ba don a karanta na rubuta ba, na rasa wanda za ni gaya wa ne.

Mijina, Baban Radiyya, ya dawo garinmu Isa da sunan hutu. Gaskiyar magana, yanar ido ce ta rufe masa gani, kuma bai gaya wa kamfaninsu na Sakkwato ba. Shekara ashirin da biyu yana duba kayan gini yana sa hannu. Tsoronsa kada su sani su sallame shi.

Yau motar Sakkwato ta kawo kwali. Samfuran kayan da za a manna cikin lif, na'urar hawa bene, na wani sabon asibiti, da na matakalar nan mai tafiya da kanta. Ya ce, "Kadijatu, ke za ki zama idona." Ni da ban taɓa shiga lif ba.

Talata, 7 ga Mayu

Mun zauna a zaure bayan walaha. Shi yana karanto ƙa'idar ginin da ka, ni ina duba lambar da ke bayan kowane samfuri. Kamar yadda muke gwada sabon rubutu da tsohon littafi a makarantar Babana. Sai dai can na san abin da nake dubawa.

Robar da ake dafa hannu a kanta a matakala, baƙa. Ta dace. Daɓen ƙasa, toka-toka, ba santsi. Sai fallen ƙarfen bangon lif. Ya ce ƙa'ida ta hana mai ƙyalli, don gadon marasa lafiya yana karce shi, kuma ba a son majinyaci ya yi ta kallon ramarsa.

"Yana ƙyalli?" Na ce a'a, fari ne dishi-dishi kamar nono. "Kin ga fuskarki ciki?" Ban gani ba. Na ɗora masa biro a kan layin takardar amincewa, ya sa hannu.

Akwai wani abu kamar leda manne a kai. Na ɗauka haka ake yin sa. Ko ma ba haka ba, kayan mutane ne.

Laraba, 8 ga Mayu

Takardar ta bi motar safe. Ya ci tuwo sosai.

Alhamis, 9 ga Mayu

Zafi ya ɗaga gefen ledar. Na leƙa, sai ga idona yana kallona. Madubi ne sak.

Inna lillahi. To ƙarya na yi? Abin da ya tambaya na amsa, abin da na gani na faɗa. Amma an sa hannu a kan shaidata, kuma shaidar ba daidai ba ce. Da na ɓare, na taɓa amana. Ban ɓare ba, na ɓata amana. Ban san wanne ake kamawa ba. Sau biyu na rikice a raka'ar la'asar.

Jumma'a, 10 ga Mayu

Na gaya masa. Ya yi wata dariya wadda ban so ba.

"Ba ki ɓare ba?"

Na ce ba namu ba ne.

"Malama, ko ayaba aka ba ki ajiya haka za ki ce ba ta da ciki."

Ya ce in ya janye takardar, Injiniya Abdulrazak, mai gidansa a wurin aiki, zai tambayi yadda aka yi tsohon hannu bai ga leda ba. Amsa ɗaya ce. Na ce to a bar marasa lafiya da madubi? Ban taɓa yi masa irin wannan tambaya ba.

Asabar, 11 ga Mayu

Ba mu yi maganar ba. Ya zauna da fallen a cinya yana shafawa.

Litinin, 13 ga Mayu

Ya ce in nemo masa lambar Injiniya. Ya gaya masa komai, har idon. Muryarsa ba ta yi rawa ba. Injiniya ya ce a aiko gyaran a rubuce, maganar aiki kuma sai ya ga manya. Ba mu sani ba tukuna.

Ni na rubuta saƙon a waya, da Hausa. Ya faɗa, na rubuta. Sai na ƙara cewa robar matakala tana da ɗan tudu wurin haɗi, na ji shi da yatsa, zai iya kama hannun tsofaffi. Shi bai ce in saka ba. Ban san abin da ya kai ni ba.

A ƙasa na rubuta: Kadijatu ce ta duba. Don Allah Injiniya a ba mu amsa da wuri.