Ni Nake Warware Ɗinkin Ɗana A Ɓoye

Assalamu alaikum Malam Edita da masu karatu. Ku sakaya sunana, kuma don Allah ku ji ni kafin ku zage ni.

Ni matar baduku ce, mai ɗinkin fata, a unguwar Gawon Nama, 'yar dukawa kuma, da basilla a hannu na tashi. Ɗana na fari bai yo hannunmu ba. Ɗinkinsa a karkace, kullum yana shan faɗa, har ubansa ya rantse zai tura shi ƙauye noma. Kun san ɗan fari, ko sunansa ba na kamawa, balle in tsaya masa a gaban uba. Sai dai in ya shigo shan ruwa in kau da kai in ce, "Hannu na nan tahe, a dai riƙa yi." Wallahi har zuciyata na yarda da shi, don yaron yana da haƙurin da uban ma bai da shi.

To ga abin kunyar. Tun damina, in sun fita kasuwa da hantsi, sai in ɗauko gafakar da yaron ya ɗinka a zaure, wato jakar fata, in warware wurin da ya ɓata, in sake, in mayar yadda na same ta. Na ce kwana biyu zan yi, kafin ya sami ƙarfin gwiwa. Uban ya fara yabonsa, yaro ya fara dariya a gida. Wace uwa ce za ta daina?

Amma yanzu hankalina ya ƙi kwanciya. Rannan Malam, wato mijina, ya juya wata gafakar yaron, ya daɗe yana duban bakinta, ya ce, "Wanga ƙulli irin na gidanku na. Ina yaro yag gane shi?" Na ce jini ne. Ya ce, "Jini ko?" ya yi wani murmushi da ban so ba. Kashegari ya ce tunda Turawa na ta sayen kayan fata za su koma gida saboda 'yancin kan nan, bayan Sallah zai zaunar da yaron a rumfa, ya riƙa ɗinki a gaban masu saye. Yabo ne ko tarko? Ni zai kama, ko yaron zai kunyata a tsakiyar kasuwa?

Shi ma yaron na fara zarginsa. Jiya na shiga zaure, na tarar da gafakar a buɗe daidai wurin da ya karkace, basilla a kai, an riga an zura mata zare. Ashe ya sani? Ashe na koya masa jingina da ni ne, ba ɗinki ba?

In na faɗa wa uban, ƙauye za a kai shi. In na yi shiru, rumfa za ta tona shi. Me zan yi?