Furar Inna Hasana

Kaduna, 4 ga Maris, 2002

Yaya Murja,

Assalamu alaikum. Ya yara, ya ƙarin haƙurinmu?

Tun da aka yi wa ƙanwarki Mardiyya sutura ban san ɗanɗanon komai ba. Ina ci ne don an ajiye mini. Kullum takan ce duk Daura babu fura irin ta Inna Hasana, gwaggonku da ta riƙe ta. Ina so in zo in sha. Amma ba na son a tare ni da ta'aziyya, kunnena ya gaji. Ki nuna mini hanyar da ba mutane.

Mijin ƙanwarki,
Zulkifilu

Daura, 13 ga Maris, 2002

Malam Zulkifilu,

Wa alaikumus salam. Haƙuri sai godiya.

Kada ka zo Juma'a, kada ka zo ranar kasuwa. Ka sauka kafin tasha, don masu fura sun cika bakinta, kuma rabin furarsu gari ne da ƙanƙara. Kada ka bi ta Kusugu, baƙi da masu hoto ba sa rabuwa da wurin. Ka bi lungun marina bayan Azahar, lokacin kowa ya shige inuwa. Furar Inna ba ta zuwa kasuwa, a gida take ƙarewa, da kindirmon da ake kawo mata daga Mashi.

Sai abu ɗaya, don Allah. Inna ba ta san Mardiyya ta rasu ba. Kwanan nan aka sallamo ta daga asibiti, likita ya ce jininta ba zai ɗauki mugun labari ba. In ta tambaye ka, ka ce tana gaida ta.

Yayarku,
Murja

Kaduna, 22 ga Maris, 2002

Yaya Murja,

Bayan gaisuwa, na je na dawo, ban haɗu da kowa ba sai awaki.

Inna ta fito zaure da kanta. Ta ce, "A'a, mutanen Kaduna! Ina ka baro mini uwar son jiki?" Na ce tana gaishe ki. Ta dama mini da hannunta, ga citta ga kanumfari. Na zauna a gabanta na shanye. Ban ji komai ba, sanyi kawai.

Da zan tafi ta shiga ciki ta daɗe, ina jin daka. Na zaci fura za ta ba ni in kai wa Mardiyya. Sai ta fito da gumba, irin ta sadakar mamaci, ta ce in raba a hanya. Wallahi ban faɗa mata komai ba. Wa ya faɗa?

Naki,
Zulkifilu

Daura, 30 ga Maris, 2002

Malam Zulkifilu,

Salamu alaikum. Ba wanda ya faɗa.

Na same ta a kan sallaya, jikinta lafiya, ba ta yi kuka ba. Ta ce mini, "Tun da yaron nan ya auri 'yata, ko ruwa bai taɓa sha a gabana ba don kunya. Ran nan ya sha fura har ya suɗe ludayi. Na ce to, surukuta ta ƙare."

Ta tambayi ranar rasuwar, na faɗa mata.

Ta ce ka riƙa zuwa kana sha.

Allah Ya jiƙan Mardiyya.
Murja