Tangaran ɗin Inna Mai Kwana a Kife

Mansur, Makka
Zulƙida, 1373

Zuwa ga Yaya Ruƙayyatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya zafin garin Madani, yaya kuma ƙafar nan taki? Mu nan sai godiya, alhazai sun fara cika unguwa.

Yaya, hankalina a tashe yake a kan tangaran ɗin Inna, farin nan mai shuɗin zane, wanda wata hajiya 'yar Jawa ta ba ta saboda jinyar da Inna ta yi mata. Kin tuna Inna ba ta taɓa ajiye shi a kan gindinsa ba. Da ta ga rubutu a ƙarƙashi, ta rasa mai karanta mata, sai ta ce wa ya sani ko sunan Allah ne da harshen waɗansu bayinsa, ita ba za ta danne shi ba. Har yau yana nan a kife kan akwatina.

To kin san maigidana Abdulganiyyu, kunnensa kamar ƙofar zaure, kowa ya zo sai ya shiga. Wani ya ce masa a wajen shan gahawa rubutun mutanen gabas duk tsafi ne. Yanzu ya ce da an sauko daga Arfa zai fasa shi. Na yi kuka, na yi gaba, a banza. Tangaran ɗin nan kaɗai ya rage mini daga hannun Inna. Ki taya ni addu'a.

Ƙanwarki,
Ramlatu


Mansur, Makka
Muharram, 1374

Yaya Ruƙayyatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan an shiga sabuwar shekara lafiya. Gyara zama ki sha labari.

Cikin baƙin da muɗawwifi, jagoran alhazai, ya sauke mana har da wani dattijo ɗan ƙasar Japan, Alhaji Hassan, wanda ya musulunta a hannun fatake Musulmi 'yan ƙasar Hindu a garinsu Kobe. Larabcinsa a gutsure yake kamar na yaranki, amma ana ganewa. Ranar da maigidan ya fito da tangaran tsakar gida da taɓarya a hannu, dattijon yana alwala. Ya roƙa a ba shi ya duba. Da ya ga gindin sai ya zauna a ƙasa, ya shiga yi mana bayani.

Ashe alama biyu ce. Shuɗin rubutun sunan maginin ne, ya rubuta tun kafin a gasa. Ɗan jan hatimin nan mai siffar gorar ruwa kuwa na dillalin ne, Ishiwata, kakan Alhaji Hassan.

Yaya, wannan Ishiwata mutum ne! Da talla ya fara, yana bin ƙauyuka da kaya a kafaɗa, yana sayen tsofaffin tangaraye da zanen hannu, har ya kafa kanti. Ba ya buga gorarsa a kan kaya sai sun yi damina a ɗakinsa, ya juya su, ya ƙwanƙwasa, ya ji ƙararsu. Wanda ya samu da aibi sai ya sayar da araha ba hatimi, ya kuma nuna wa mai saye aibin da yatsa. Mai hatimi kuwa, ko jikanka ne ya mayar, za a karɓa. Da ɗansa ya gaji kantin sai ya kewaye gorar da zobe, don ya ce bai kai ya ari idon ubansa ba. Tamu ba ta da zobe, ke nan hannun tsohon ne da kansa. Ni dai ban ga dillali irin wannan ba, ko a kasuwar Makka.

Wutar yaƙi ta cinye kantin ƙurmus. Alhaji ya ce ya yi ta neman kayan kakansa a gidajen mutane, duk wanda ya samu jan hatimin ya goge, don a saman sheƙin tangaran ake sa shi, yawan ajiyewa a kan gindi ke cinye shi. Bai sake ganin gorar a cike ba sai a tsakar gidanmu, albarkacin kifewar Inna. Hawaye ya jiƙa masa gemu, ni ma na taya shi daga bayan labule.

Na aika a ce masa ya ɗauka, na ba shi. Ya ƙi. Ya ce kakansa kan ce kaya na wanda ya iya riƙonsa ne. Abin da ya roƙa kawai ya sha zamzam a ciki, aka zuba masa ya sha.

Bayan sun tafi Jidda na ɗauraye shi, na ajiye a kan gindinsa, tunda an san ba sunan Allah ba ne. Abdulganiyyu ya shigo, ya tsaya yana kallo, kunya ta hana shi duba ta wajena. Sai ya sa hannu biyu ya kife shi yadda Inna take yi, ya ce, "Ramlatu, sunan mutum mai amana ma ba a danne shi."

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Ramlatu