Tsinken Kitso Ya Tada Ordinatar

Ƙanena Ishaya,

Gaisuwa mai yawa daga Madawa. Ina lahiyarka, da Rahila, da yara? Mu nan sai godiya.

Ƙwaƙwalwar ordinatar, wato kwamfuta, da ka aiko ta iso, bayan wata shida muna jira. Maigidana ya ce mace ba ta haɗa inji, ya ɗauko makanike daga Tawa. Mutumin bai duba kusurwa mai alama ba, ya danna ta a juye har huɗu daga cikin siraran ƙafafunta na ƙarfe sunka lanƙwashe, sannan ya ce in jefar. Na kore shi. Da tsinken kitsona na miƙe su ɗaya bayan ɗaya, na zaunar da ita a gurbinta. Da injin na buga maka wasiƙar ga.

Gai da Inna. Ka sa maigidana cikin addu'a, don ban huce ba tukuna.

Yayarka,
Saratu