Layi Biyu a Gwange

Gwange, Yuni 1992

Zuwa ga mijina na ƙarya, Nuraddeen,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Tunda ka shiga takarar majalisar wakilai ƙafarka ta manta hanyar Gwange, dole na ɗauko biro.

Wai bana babu labule a rumfar zaɓe? A saba'in da tara ni kaɗai na shiga, na dangwala wa zakaran jam'iyyarmu yatsa, na fito. A tamanin da uku ma ba wanda ya leƙa ni. Yanzu an ce kowa ya tsaya bayan hoton ɗan takararsa, a ƙirga mu kamar awaki. Kuma ka rasa wanda za ka kara da shi sai Dzarma, ɗan Phoebe maƙwabciyata? Yaron da ya jiƙa mini zane tun ba a haife ka ba! Ni da uwarsa katanga ɗaya, turmi ɗaya. Na kasa zama, na kasa kwanciya, tuwo ma na ƙona.

Ka janye mana, ja'iri.

Kakarka,
Zainaba

*

Bulabulin

Zuwa ga Kaka,

Bayan gaisuwa ta ladabi, janyewa ba za ta yiwu ba. Idon unguwa duk yana kanki. Idan ba a gan ki a layina ba, 'yan adawa waƙa za su yi mini, su ce ga wanda kakarsa ta ƙi. Zaman gida ma ba mafita ba ne. Don Allah kada ki kunyata ni.

Jikanki mai biyayya,
Nuraddeen

*

Gwange, Yuli 1992

Maigida,

Ina gaishe ka, ko da kana kumbure. An ce ka rantse ba ka ƙara cin tuwona. Saurara.

Ranar jajiberen zaɓe Phoebe ta leƙo ta katanga. "Zainaba, ke ma an ba ki oda?" Ashe Dzarma ya yi mata irin naka. Ta ce ba ta iya juya mini baya a gaban jama'a. Na ce, "To ba ni ɗanki, ki riƙe mini nawa."

Da safe muka fita da mayafi iri ɗaya. Ni bayan hoton Dzarma, ita bayan naka, ga ka da hula a karkace. Yaran layin Dzarma suka fara yi maka waƙar, suka waiga suka ga uwar gwaninsu a layinka, waƙa ta maƙale. Mai ƙirga sai da ya sake daga farko don dariya.

Ƙuri'arka ba ta ragu ba, tsohuwa aka musanya maka da tsohuwa. Amma shirunka ya hana ni sakat. Ko zagi ne, rubuto.

Taka har kullum,
Zainaba

*

Kaka,

Ina gaisuwa. Dzarma ya ci, na je na yi masa murna. An ce Mama Phoebe ta wuni a rana saboda ni, da ciwon gwiwarta. Ina tafe ranar Juma'a. Gidanta zan fara shiga, ke ki jira.

Nuraddeen